Ɗinkin Wanda Ba Ya Nan

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da hasken kwamfuta
da ɗan koren allon lantarki, bai kai tafin hannuna ba,
kwance a tebur, wayoyi sun fito masa kamar gashin baki.

Babana tela ne a Funtuwa.
Akan aiko masa da awo cikin wasiƙa:
wuya kaza, kafaɗa kaza, tsawo har idon sawu.
Ya yanka shadda don mutumin da bai taɓa gani ba,
rigar ta hau mota, ta je Kwatano, ta zauna cif.
Ban san na ci gadonsa ba
sai da na zo Ikko.

Ga ni ina harhaɗa manhaja cikin babbar na'ura
don ƙaramar da ba ta jin yarenta.
Nan ake yanka, nan ake ɗinki,
can za a sa.

Laburaren da aka ba ni ɗan gata ne,
a gidan yalwa ya tashi.
In ya nemi wuri, a ba shi,
in ya nemi fayil, a buɗe masa,
in ya ga damar barci, kowa ya jira.
Na ce masa: inda za ka,
kilobait sittin da huɗu ne gidan duka, har da bayi.
Ɗakin haya ne a Ikko, ba zauren kakanka ba.

Sau goma sha ɗaya na tura,
sau goma sha ɗaya jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta.
Mahaɗi na ta cigiyar wani suna
da ba a taɓa raɗa wa kowa ba a wancan gida.
Sai na ɗauko almakashi.
Na cire aljihu, na kwance aikin wuya,
na bar iya abin da zai rufe jiki.

Folarin ya farka daga benci, shatin maɓallai a kumatunsa.
"Lantana, ya shiga?"
Na ce da saura.
Ya sauka Sabo wurin mai shayi,
ya dawo da burodin Agege, ruwan sama a kafaɗarsa.

Abu guda Baba bai koya mini ba.
Allah ya jiƙansa, alƙawarinsa na tela ne:
jibinsa bayan Salla take.
Masu kaya su yi fushi, su kuma dawo da sabon yadi.
Wannan tsarin bai san "dawo an jima" ba.
Kowane zare da wa'adinsa.
In wuta ta ɗauke a wani asibiti can Ebute Meta,
tun ido bai gama ƙiftawa ba
dole batir ya karɓi aiki,
don akwai bakwaini a kwalba
da bai san wace ce Nepa ba.
A nan, amsar daidai in ta makara
ba ta da maraba da kuskure.

Gab da asuba ya wuce, babu ja ko ɗigo.
Na ɗura wa ɗan allon.
Shiru.
Na riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura.
Sai ƙwayar fitila ta ƙifta, ta sake ƙiftawa,
a kan ƙa'ida, ba gaggawa, ba nawa.

Folarin ya fizge filogi daga bango.
Fankar gwaji ba ta ko lura ba.

A waje 'yan danfo sun fara kiran Oshodi,
ladanin Sabo na gyaran murya.
Ba zan ga mai sa rigar nan ba,
uwarsa ba za ta ji sunana ba.
Na rubuta lamba da kwanan wata a bayan allon,
inda Baba kan sa alli a cikin wuyan riga,
na jawo shayina.
Ya huce tuntuni.